Fayil ɗin da Ya Ƙi Buɗewa a Makarantarmu

Wata Litinin cikin damina, shekarar da na cika goma sha biyu, na tsaya a ofishin makarantarmu da ke unguwar Nzeng-Ayong, takalmina jiƙe da jar laka, ina kallon malamarmu tana soka filashina a kwamfuta. Za a zaɓi ɗalibi ɗaya ya wakilci ajinmu a gasar rubutu, kuma sharaɗin shi ne a kawo aikin a filashi kafin Juma'a. Nawa shafi huɗu ne, a kan tafiyar kakata daga Garwa zuwa bakin teku. Malama ta danna sau biyu. Allon ya cika da ƙananan akwatuna da alamomin da ba na kowane harshe ba.

A shagon Kawu Sale na buga shi, a kasuwar Mont-Bouët, tsakanin dilolin atamfa. Bai daɗe da sayen kwamfutar ba, yana rufe ta da ƙyalle kamar jaririya. Da yatsa ɗaya na yi aikin, kullum bayan na gama wanke-wanke da ɗebo ruwa a famfon unguwa, yayin da ƙawayena ke carafke a gindin mangwaro. Kwamfutar makaranta kuwa tsohuwa ce, sai ta yi gurnani kafin ta farka.

Kwana huɗu na yi ina kai da kawowa a tasi, a matse tsakanin mata da buhunan rogo. Kawu ya buɗe fayil ɗin, ga rubutuna tsaf, ya sake adana shi yadda ya yi da farko. "Ke, 'yar nan, tawa sabuwa ce fil. Su je su gyara akwalarsu." Washegari malama ta gwada, akwatunan suka dawo. Ita ma amsarta ba ta sauya ba: na kowa ya buɗe, ban da nawa. Na roƙi a karɓi wanda na rubuta da hannu, aka ce doka ba ta yarda ba. Inna ta dube ni ina cire takalmi ranar Alhamis, ta ce, "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ci tuwonki." Ranar Juma'a aka zaɓi wani yaro da ya rubuta shafi ɗaya a kan kifi.

Sai da na shiga jami'a na gane abin da ya faru. Sabuwar manhajar da ke kwamfutar Kawu tana adana rubutu a sigar da tsohuwar ta makaranta ba ta sani ba, kuma akwai wurin da ake zaɓar tsohuwar siga kafin a adana. Na gwada, ban ƙirga zuwa biyar ba aka gama. Yau 'yata tana tura aikinta daga waya, ya buɗe ko'ina, ba ta taɓa tunanin zai iya ƙi ba. Kakata ta rasu tana zaton an karanta labarinta a gaban aji, domin haka na faɗa mata.