Kunyar Yayana Ce Ta Sa Muka Rasa Motar Baba

Assalamu alaikum Edita, kai da masu karatu. Na daɗe ina karanta damuwar wasu a wannan shafi, yau na ce bari in sauke tawa, ko ƙirjina zai yi sauƙi. Ina roƙon a sakaya sunana.

Lokacin da abin ya faru ni matashin direba ne a Gaya ta yankin Dosso, sabon aure, mai ji da kansa, irin wanda in ya ga ɗigon ruwa a gilashin mota sai ya goge da hannun rigarsa. Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni da Yayana. Baba a tasha ya ƙare rayuwarsa, yana jigilar mutane da kaya tsakanin Gaya da kasuwannin Karakara da Zabori. Motarsa tsohuwa ce mai dogon baya, cikin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano bayan Turawa sun gama cin moriyarsu, amma a hannunsa ba ta taɓa kwana a daji ba. Ita ke ciyar da gidanmu kaf.

Da Baba ya rasu aka taso da zancen rabon gado, sai Inna, mahaifiyarmu, ta kira mu ɗakinta ta roƙe mu abu guda. Ta ce kada mu sayar da motar, kada mu raba gidan, mu zauna tukunya ɗaya a gabanta har ranar da Allah zai karɓi abinsa. Ta san halin garinmu. Namijin da ba shi da abin yi a gida hanya ce ke ɗauke shi, yau yana Kwatano gobe yana Agadas, sai dai a riƙa jin muryarsa a waya. Muka yi mata alkawari, muka tsara cewa mako guda ni zan ja motar, mako guda Yaya, abin da aka samu kuma na gida ne. Mun tsara komai a ranar, har wanda zai riƙa wanke ta, amma ba wanda ya ambaci gyara.

Ba wai ba mu san ana yi ba ne. Mun tashi muna ganin Baba kowace safiyar Juma'a ya ɗaga kapo, wato murfin inji, ya duba baƙin mai da ruwan radiyata da man birki, ya zagaya tayoyi yana danna su da ƙafa, ya ciro matatar iska ya kakkaɓe. In lokaci ya yi ya kai ta garajin wani tsohon amininsa a yi mata bidanji, a juye tsohon mai gaba ɗaya a zuba sabo, a canza filta. Sai dai Baba bai yarda kowa ya taɓa masa inji ba. Tuƙi ya koya mana, gyaran kuwa ya riƙe a hannunsa har ya tafi da shi.

A gidanmu ƙane ba ya tambayar wansa. Ban taɓa kiran sunan Yaya ba, ba na sa hannu a kwanonsa sai ya ce bismilla, in yana magana ƙasa nake kallo. Ni a ganina tunda shi ne ya gaji matsayin Baba, to gyaran mota ma shi ya gada. In na buɗe baki na tambaye shi ko ya yi bidanji, kamar na ce masa ban yarda da riƙonsa ba ne. Abin da nake yi kawai, in makona ya zo sai in zaro sandar auna mai, in na ga ya yi ƙasa in tsaya bakin hanya wurin masu sayar da fetur a kwalba, in sayi man inji na awo in ƙara. Sanda ta nuna ya cika, hankalina ya kwanta. Ban tsaya na yi tunanin cewa ƙari daban juyewa daban ba. Wanda ya yi ta ƙara ruwa a randa bai taɓa wanke ta ba, ai ya san abin da ke kwance a gindinta.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Motar kuwa ba ta ɓoye mana ciwonta ba, mu ne muka toshe kunne. Man da ke jikin sanda ya koma baƙi ƙirin, yana danƙo a yatsa. Kukan injin ya canza, da safe sai ya yi ta ƙaf-ƙaf kafin ya daidaita. In an yi lodi ta zo hawa sai ta riƙa nishi, hayaƙi na bin mu a baya, yaran tasha suna tsokanata wai na fara sayar da gawayi. Jar fitilar mai takan kifta ta ɗauke, ni kuma in ce ai tsufa ne, wayoyin ne suka saki. Matata, da ba ta san ko ina ake zuba man ba, ita ce ta ce mini in dai abin yana damuna in je in yi wa Yaya magana mana. Na ce mata wannan ba zancen mata ba ne, ta ci gaba da tankaɗenta. Sau ɗaya na yi niyya da gaske. Na same shi yana alwala a ƙofar ɗakinsa, na durƙusa na gaishe shi, maganar ta zo har bakina, sai na ji kaina ina tambayarsa jikin yarinyarsa mai zazzaɓi. Ya ce da sauƙi, na ce Allah ya ƙara, na tashi.

Ranar da motar ta mutu a hannuna ta mutu, kuma wannan ya daɗe yana cina. Muna dawowa daga kasuwar Karakara ne da la'asar, mota cike da mutane, buhunan hatsi a sama, akuya a baya. Sai na ji wata ƙara daga ciki kamar ana dukan turmi da ƙarfe, jar fitilar ta kama ba ta ɗauke ba, kafin in gangara gefe injin ya ɗauke ɗif. Na murɗa makulli, ko motsi. Fasinja suka sauka suna mita, wata tsohuwa ta wanke ni tas da Zabarmanci, wanda na ji da wanda ban ji ba duk na haɗiye. Haka na tsaya ina tare musu motocin abokan aikina ɗaya bayan ɗaya, kowane direba ya leƙo ya yi mini sannu irin wadda ta fi zagi ciwo. Wata babbar mota ce ta ja ni da igiya har Gaya.

Washegari ni da Yaya muka tura ta garajin aminin Baba. Tsohon ya kwanta ƙarƙashinta ya kwance mazubar mai, ya tara kwano, amma ba abin da ya zubo sai ɗigo. Da ya buɗe saman injin sai ga abu baƙi ya daskare ko'ina kamar kwalta, har da yatsa yake kwasowa. Ya tambaye mu wurin wa muke kai ta bidanji tunda shi bai ƙara ganinmu ba. Ina jiran Yaya ya amsa, ashe shi ma ni yake jira. Tsohon ya kwance filtar ya juya ta a hannunsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "'Ya'yana, wannan ai ni na ɗaura ta, zuwan mahaifinku na ƙarshe."

Yaya ya juyo ya dube ni a gaban mutanen garaji ya ce, "Ashe ba ka yi?" Na ce masa na ɗauka shi ke yi. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na mayar masa da magana a bainar jama'a, kuma ban tsaya nan ba. Na ce ai shi ne babba, ya ce ai a hannuna ta mutu. Duk ladabin da na yi shekaru ina tarawa, a tsaye ɗaya na zubar da shi.

Abin da ya biyo baya gajiya ce kawai. Injin ya ƙone, ba ya gyaruwa. Muka yi ta neman na hannu, a lokacin kuma shigo da kaya daga Kwatano, ta tsallaken kogi, ya yi wuya, wanda muka samu da ƙyar bai yi wani ƙarko ba shi ma ya bi sahu. Dangi suka rabu, wasu na bayana wasu na bayansa. Matanmu da ke daka a turmi ɗaya kowace ta nemi nata. Daga ƙarshe masu sayen tsohon ƙarfe suka zo suka ja motar. Yaya ya samu tuƙin babbar motar wani ɗan kasuwa mai zuwa arewa, ya kwashe iyalinsa ya mayar Dosso, ni kuma na koma kabu-kabu da babur ɗin haya. Inna ba ta yi mana faɗa ba ko sau ɗaya, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ranar da Yaya zai tashi ta sa masa albarka, ta koma ɗaki ta sake labule.

Da bazarar bara ciwo ya kwantar da ita. Tana ta tambaya ko babban ya iso, ina ce mata yana hanya, kuma ba ƙarya nake ba, yana can gaba da Tawa da kayan mutane, ba shi da ikon ajiye mota ya taho. Ta cika ni kaɗai ne a kanta. Ya iso bayan mun dawo daga maƙabarta.

A tabarmar zaman makoki, da mutane suka ragu, na yi ƙarfin hali na tambaye shi me ya hana shi yi mini zancen bidanji tun farko, shi da yake da ikon ya umarce ni. Sai ya ce shi ma ƙari yake yi, yana ganin ni da nake zama cikin makanikai a tasha ni ke kai ta. Ya ce, "Tsoro na ji kada ka ce Baba ya mutu na mayar da kai yaron mota." Ashe duk tsawon lokacin nan kunyar juna muke ji.

Masu karatu, musamman 'yan uwana direbobi, ga abin da na koya da tsada. Cika mai ba shi ne gyara ba. A juye shi a kan lokaci, a canza filta, a duba ruwa da birki da taya kafin a yi lodi, in jar fitila ta kifta a tsaya a nemi makaniki. Wanda kuma ya haɗa mota da wani, ko wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, su zauna tun ranar farko su faɗa da baki wane ne mai kai ta garaji. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ni na ƙi yin ta don kada in ɓata wa Yayana rai, ga shi yau gaisuwar waya ce kawai tsakaninmu, Inna kuma abu ɗaya ta roƙe mu a duniya ba mu yi mata ba. Ku sa ta a addu'a, mu kuma Allah ya yafe mana.