Ranar da Kawu Mati ya ba saniya haƙuri

Duk wanda ya san Kawu Mati a cikinku ya san ba ya rabuwa da lemun tsami a aljihu. Mutane goro suke ɗauka, shi lemo. Ana cikin gaisuwa sai ya zaro shi, ya shinshina, ya mayar, sannan ya tambaye ka gajiya. Har masallacin Juma'a da shi yake zuwa, na kusa da shi a sahu suna ta haɗiyar yawu.

Ai kuku ne a gidan kumandan, Baturen mulkin Dakoro. Da aka samu mulkin kai Nasara suka tattara, sauran ma'aikata wani ya roƙi kujera, wani rediyo. Kawu kuwa baƙin farantin gashi ya roƙa. Ya kawo shi gidanmu, wajen ƙanwarsa, wato innata, ya gina ɗan tanderu bayan rumbu.

"Nasara sun tahi, gato bai tahi ba," in ji shi. "Yanzu mu ad da ƙasa, mu ad da gato!"

Gaton nasa, wato kek ɗin Nasara, hawa biyu ne. Ƙasa fulawa da man shanu, a gasa. Sama madara da ƙwan zabi da sukari da ruwan lemun tsami, a sake gasawa. In ya huce a gindin randa sai ya yanka shi dogo-dogo. Ka kuskura ka wuce da sauri ta wajen, za ka sha tsawa: "Dusuma! Dusuma!" Wai a hankali ke nan da Faransanci. Mu dai har kaji mun ji yana faɗa wa.

Tsimi kuwa, kai! Daga Maradi kamiyo, babbar motar kaya, ke kawo lemon, don haka ba abin da ke zuwa juji. Ya matse ruwan, ya kankare bawon, ya shuka 'ya'yan a yashin Dakoro yana ba su ruwan alwala. Ranar da inna ta jefar da wani matsattse akuya ta cafke, Kawu ya bi ta har bakin rijiya.

"Ke, aje! Ba a gama da shi ba!"

Ya dawo yana haki, da rabi a hannu. "Mun raba," ya ce. "Ita ma ta sha wuya."

Kun tuna Tsohuwa Gado ta bayan gidanmu? Ya aika mata yankan gato guda don zumunci. Can da la'asar sai ga ta, da rigar mijinta a hannu, ƙudaje na biye.

"Mati, sabulun ga naka bai kumfa! Na cuɗa, na cuɗa, sai tururuwa."

Kawu ya zauna daɓas a kan turmi. "Wanki da gato! Ko matar kumandan ba ta kai nan ba."

Amma wanda ba na mantawa shi ne na Inna Dado. Kai Isa, daina dariya, a kanka aka yi. Kana jariri zazzaɓi ya kwantar da ni, ruwan nonona ya ɗauke. Abin da ya riƙe ranka shi ne madarar Boɗe, jar saniyar Inna Dado, Bafillatanar da ke zuwa mana kullum da safe daga rugarsu ta hanyar Korahane. Mun gwada ta wasu, cikinka ya ƙi.

Rannan ta shigo, ta tarar da Kawu yana matsa lemo cikin ragowar madarar. Ta dafe ƙirji.

"Wayyo Boɗe! Kaɗo, tsami kaka zuba ma nonon saniyata, kuma ka sa shi wuta? Hantsarta za ta ƙahe!"

Su a wajensu, abin da ka yi wa madara, saniya ka yi wa.

"Inna, dusuma. Saniyar tana ruga, lemon yana nan. Wa zai gaya mata?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, ta rantse ba ta ƙara taka gidan. Washegari shiru. Muka dama maka kunu ka tofar, ka yi kuka har muryarka ta dushe. Wallahi na tsorata, tsoron da ban taɓa yi ba. Na je na tsaya a kan Kawu ina hawaye.

"Kawu, in ɗan nan ya mutu, gatonka ya kashe shi."

Mutumin da ko kumandan bai taɓa ji ya ce ya yi kuskure ba, sai ga shi ya miƙe. Ya ɗaura farin ƙyallensa na aiki, ya naɗe yankan gato a ganye, ya ce in goyo ka in biyo shi.

A ruga Inna Dado ta juya mana baya. Kawu ya ce, "Ba wurinki na zo ba. Wadda na ɓata ma rai na zo gani."

Ya wuce turke, ya cire hula, ya durƙusa gaban jar saniya. Yaran ruga suka taru.

"Madam Boɗe, pardon. Ban san abin na kai maki ba. Ga shi, ki ɗanɗana ki yi hukunci da kanki."

Saniya ta shinshina. Ta zaro harshe, ta lashe gato har da ganyen, sannan ta bi aljihun Kawu tana neman ƙari. Inna Dado ta so ta daure fuska, dariya ta ƙwace mata.

"To, tunda mai nonon ta ci, ni mi nawa?"

Ta jawo ƙwarya ta durƙusa. Ban taɓa jin sauti mai daɗin tsartuwar madarar nan ba. Ƙwarya ta cika har da kumfa. Ka sha, ka yi gyatsa, ka yi barci a nan cikin ruga, ni kuwa na zauna a ƙasa ina kuka ina dariya.

A hanya Kawu ya ce, "Kin gani? Duk Dakoro ita kaɗai ta san gato."

Amma daga ranar bai ƙara kunna tanderun ba sai da aka yaye ka. Lemo na bushewa a aljihunsa, yana shinshinawa yana mayarwa. In an tambaye shi sai ya ce itace ne ya yi tsada. Ƙarya yake, duk mun sani.

Cikin 'ya'yan lemon da ya yi ta shukawa, guda ce ta tsiro, ita ma bai ga 'ya'yanta ba. Ita ce wannan da muke zaune a inuwarta.

Allah ya jiƙan Kawu Mati, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya mini zuciya a ranar nan. Ya Allah, in an zo yi masa hisabi, a yi masa dusuma. Amin.