Ranar da Kwallin Habboba Ya Je Makaranta

Wata Asabar ce a farkon shekarun casa'in, lokacin da sai an kafa layi ake samun burodi, malamarmu Ustaza Nafisa ta ɗaga littafin kimiyya ta nuna mana hoton wani dutse mai sheƙi. Ta ce daga cikinsa ake fitar da dalma, kuma sai a can cikin duwatsu masu nisa ake haƙo shi. Ni da bakina ba ya shiru, na miƙe na ce akwai shi a gidanmu. Aji ya kwashe da dariya. Wata ta ce 'yan unguwarmu, Alhilla Kuku, har ma'adini suke nomawa a tsakar gida. Ustaza ta ce in kawo shi gobe, in ba haka ba in tsaya gaban aji in ce ƙarya na yi.

Dutsen na kakarmu ne, wadda muke kira Habboba. Mahaifinta ya taho da shi daga ƙasar Hausa a hanyar hajji, ya yada zango a nan, bai kuma koma ba. Duk Alhamis, bayan mun share tsakar gida, takan ɓanto ɗan mitsitsi ta niƙa, ta jera mu ta rambaɗa mana kwalli. Da na roƙe ta, sai ta ce, "Ya bitti, 'yata, dutsen nan ba ya fita sai da ni." Na wuni ina kumbure-kumbure, na tabbata na gama jin kunya a duniya.

Ashe abin da ta faɗa shi take nufi. Da safe sai ga Habboba a ƙofar aji, ta ƙulle dutsen a bakin mayafi. Ustaza ta karɓa, nauyinsa ya ja hannunta ƙasa. Ta ƙwanƙwasa gefensa, ya zubo da 'yan gutsattsari masu kusurwa, kamar an yanka da wuƙa. Ta niƙa su, ta ɗora garin a kan gawayin mai shayin makaranta, ta yi ta hurawa da bututu har warin farar wuta ya cika ajin. Can sai ga ɗigon dalma yana rawa a kan garwashi. Nan take tafi ya ɓarke a ajin. Wallahi ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Ustaza ta raka Habboba waje tana cewa, "Ya Hajja, dalma guba ce, a daina sa wa jarirai." Habboba ta yi tsaki, ta ce idon gidanmu ya fi na kowa gani. Amma da aka haifi ƙanena, ba ta kusance shi da tandu ba.

Yanzu 'ya'yana kwallin kanti suka sani, Hausar ma rabi da rabi suke yi. Dutsen yana cikin akwatina, da gurbin da Ustaza ta ɓanta. Nakan ɗauko shi don kawai in ji nauyin nan a hannuna.