Waken da na tuge

Wata bakwai ina ba shuka ruwa a wurin nan, ba wanda ya ga na isa a gaya mini abin da ake nema a jikinta. Ƙarata ke nan, kuma ba zan sassauta ta ba.

Shekara ashirin na yi ina sayar da wake da shinkafa a Moshi Zango. Sai da na haura arba'in na zauna kan bencin makarantar manya a Asokore Mampong na koyi karatu. Da takardar shaidar da aka ba ni a can na samu aiki a ɗakin gilashi na masu binciken tsirrai: ban ruwa, shara, duba lambar kowace tukunya. Dakta mai binciken 'yar ƙabilar Asante ce, sa'ar 'yata ta fari. Tana kirana Maame, wato Mama a yarensu, tana gaishe ni da ladabi, amma bayani sai ɗalibanta.

Hannuna kuwa ya saba da tsintar wake. Mai ƙwaro, mai tsamurewa, duk waje. Wata Alhamis Dakta ta tafi taro, na bi layin tukwanen wakenta na ga wasu sun tsumbure, ganye a murɗe, ko tsawon yatsa ba su kai ba, alhali 'yan uwansu sun kusa gwiwa. Na tuge su kaf, na zuba a jakar da ake kaiwa a ƙone, na share wurin tas. Har daɗi na ji, wallahi.

Da ta dawo da la'asar ba ta yi faɗa ba. Kan bokiti ta zauna. Sai a ranar na ji bayanin: a jikin shuka akwai wani sinadari mai tada ƙwayoyin gado su kama aiki. Ita ta juya shi ya koma mai kwantar da su, don ta ga abin da shukar za ta rasa. Ta haka ake gane aikin ƙwayoyin. Shekara biyu tana fama kafin abin ya kama.

"Maame, marasa lafiyan nan su ne amsar."

Na ce, "Dakta, wannan maganar ko minti biyar ba ta ci miki ba. Wata bakwai ina gabanki."

Ta ce ranar Litinin shugaban sashe zai tambayi wanda ya taɓa tukwanen.

A motar komawa gida na riƙa ganin tukunyata ta wake da shinkafa, da matan layinmu da suka ce boko bayan furfura wahala ce. Na koyi karanta lamba, ban san me lambar ke tsaro ba. Ina amfanin?

Washegari na riga mai kwasar jaka isa. Na kwance ta, na tsinto masu sauran saiwa, sun yi laushi kamar dafaffen alayyafo. Daga wace tukunya kowanne ya fito, ban sani ba, kuma na san in ba lamba, da wuya su yi mata amfani. Na dasa su duk da haka. A jikin kowace tukunya na rubuta da hannuna: an tuge, an mayar, ni ce.