Ranar da na katse wa tsoho magana a sama

Na fara koyon tuƙa jirgin sama marar inji ne da furfura a gemuna, a shekarun da sa'annina ke neman maganin ciwon baya. Daga Litinin zuwa Juma'a ina wani gidan ajiyar kaya a titin Wendover, ina tuƙa motar ɗaga kaya tsakanin kwalaye. Ran Asabar sai in bar Greensboro da sassafe, in nufi wani fili mai ciyawa a bayan gari, inda ƙaramin jirgi ke jan mu da igiya har sama, sannan ya sake mu. Matata ta yi faɗa har ta gaji, ta koma sa mini shayi a filas tana cewa Allah ya shirye ni.

Wanda ke koya mini wani Bature ne tsoho, ya haura saba'in, ga surutu kamar rediyo. Ni ina kujerar gaba, shi yana bayana, ba na ganin fuskarsa, sai muryarsa a ƙeyata. A raina Baba nake ce masa.

A gabana akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, da fitilu a zagaye kamar fuskar agogo. In wani jirgi ya kusanto sai ta yi ƙara, fitila ɗaya ta kama, ta nuna ta inda yake, ko sama da mu ko ƙasa. Tun ranar farko tsohon ya gaya mini cewa jirgin da ke ɗauke da irinta kaɗai take sani, wanda ba shi da ita ko a jikinta. Ya ce in ta yi ƙara in dube ta sau ɗaya, in mai da idona waje. Na ce na ji. Amma ni mutum ne da ke wuni cikin injinan da ke kuka in za su ja da baya, jikina ya riga ya saba cewa shiru na nufin hanya a buɗe take.

Ranar da abin ya faru ita ce ranar da ya ce zai sa hannu a littafina in tashi ni kaɗai. Na daɗe ina jiran wannan sa hannun, ban ma ɓoye ɗokina ba. Muna sama, muna kewayawa cikin iska mai ɗumi da ke ɗaga mu, shi kuwa yana ba ni labarin barewar da ta cinye masa tumatir. Sai na hango wani farin abu ta hagu, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, bai motsa daga inda yake a gilashi ba. An koya mini cewa abin da bai motsa ba, kanka ya nufo. Na dubi na'ura, tsit. Na buɗe baki, sai na ji tsohon yana tsakiyar magana, na ce bari ya kai aya tukuna.

A gidan da na tashi, in babba na magana, ko rigarka ce ta kama da wuta sai ka jira. Ban yi tunanin haka a lokacin ba. Bakina ne kawai ya rufe da kansa.

"Sakar mini tuƙin!" in ji shi, ya karɓe da nasa abin tuƙin na baya, ya danna hancin jirgin ƙasa da ƙarfi. Wani ƙaramin jirgi mai inji ya wuce ta samanmu, kusa har na ga dattin mai a cikinsa. Baƙo ne, ba ya ɗauke da na'ura irin tamu, shi ya sa tamu ba ta ce uffan ba.

Da muka sauka ya tsaya a gefen fiffike da littafina a hannu, ya tambaye ni ko na ga jirgin. Da na ce ban gani ba, da watakila ya ce shi ma bai gani da wuri ba, ya sa hannu. Na yi wannan lissafin, ba zan ɓoye ba. Amma na ce na gani. Ya ce to me ya hana ni magana.

"Kana magana ne," na ce.

Ya yi dariya, yana zaton wasa nake. Da ya gane da gaske nake, sai ya mai da biro aljihu. Ya ce ba zai sa hannu ba sai ranar da na iya katse shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum da 'ya'yansa, a ce zai koma koyon rashin kunya! Makonni muka yi a haka. Yakan yi ta zuba da gangan, ni kuma in na hango wani abu sai in fara da neman gafara. Ya ce kafin in gama ladabina an gama haƙa mana kabari, shi kalma biyu yake so, ta ina, sama ko ƙasa. Na yi ta gwadawa a mota a hanyar gida, ina yi wa sitiyari tsawa.

Wata Asabar da ganyen itatuwa ya fara yin ja, sanyi na ƙaratowa, muna sama, sai na ji muryarsa ta sauya. Wannan karon ba gwaji ba ne. Ya shiga ba ni labarin matarsa, kwanakinta na ƙarshe a asibiti, abin da bai taɓa ambata mini ba. Ya ce ta kama hannunsa, ta ce akwai abin da take so ya sani. Daidai nan na'ura ta yi ƙara, fitilar dama ta kama. Na dube ta sau ɗaya, na ɗaga kai, na ga jirgin wani ɗan filinmu can dama yana nesa da mu. Ban tsaya a nan ba, na juya hagu, sai ga wani jirgin a sama da mu kaɗan, wanda na'ura ba ta ce komai a kansa ba.

"Hagu, sama!" na ce, na karkatar da jirgin. Muryata ta fita da ƙarfin da ban san ina da shi ba, kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Jirgin ya wuce ta gefe, muka juya muka sauka.

A ƙasa ya fito a hankali, ya ɗaure ɗamarar kujerar baya don kada ta yi lilo, ya sa hannu a littafin, ya rufe mini murfin gilashin jirgin da kansa. Na tashi ni kaɗai a ranar, na yi murna, ba ƙarya.

Bai ƙarasa labarin ba, ni kuma ban iya tambayarsa ba. Shekarar da ta biyo likita ya hana shi tashi, ya koma wajen 'yarsa a wata jiha. Har yau ban san abin da matarsa ta gaya masa ba, kuma ina jin ni kaɗai ya taɓa yunƙurin faɗa wa.