Shaidar Goɗiya

Yayata Walburga ta ƙare ƙuruciyarta a tsakiyar hanya, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban san wa zan fi jin haushi ba, ita ko sojojin.

Mijinta Korbinian Zehentner manomi ne, mutumin da ya fi hira da dabba a kan mutum. Da yaƙi ya tashi aka kafa rundunar sojan ƙasa ta lardinmu, aka kwashe mazan ƙauyuka, maƙwabci a gefen maƙwabci. Har dawaki suka ɗiba, domin igwa da tukunyar abinci duk doki ke jansu, motocin nan a majigi kawai muke ganinsu. Suka tafi da maigida, suka dawo suka tafi da goɗiyarsa Fanni, mai farin goshi da tsagaggen kunne. Ya yi ta yi wa sajansu naci har aka ba shi ita ya riƙa jan keken harsasai. Ya aiko yana murna kamar wanda aka sallama gida.

Rundunar ta taka Faransa da ƙafa, ta juyo ta taka Rasha. Sau ɗaya ya zo hutu. Walburga ta soya masa dankali da kitse, ya zauna bakin murhu bai ko cire takalmi ba.

"Burgl," ya ce, don haka yake kiranta, "mun raba wata tsohuwa da saniyarta, muka cinna wa gidanta wuta. Kamar Inna take."



A bazarar 1944 Rashawa suka yi wa rundunar ƙawanya, ta narke kamar man shanu a kasko. Kowane soja yana rataye da faifan ƙarfe a wuya, mai tsaga a tsakiya. In ya faɗi, abokinsa ya karya faifan, rabi ya bi gawa, rabi ya zo hukuma. Gidajen da rabinsu ya iso suka yi kuka, suka sa baƙi, Fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a, daga baya wasu suka sake aure. Na Korbinian ba wanda ya karya, don mai karyawar ma ba a gan shi ba. Aka ce mana ya ɓace, sai ka ce allura.

Akwai Wendelin kafinta, mutumin kirki, wanda ya gyara mata rufin barga sau uku alhali sau ɗaya ya lalace. Kowa ya san abin da ke kawo shi. Kotu kuma ta ba da dama: mace ta sa hannu, a rubuta cewa mijinta ya mutu.

"Yaya, ki je ki sa hannun nan mana," na ce. "Matar Xaver maƙwabcinmu ta sa, wani abu ya cinye ta?"

"Ni in kashe shi da alƙalami? In ya shigo gobe fa, ya tarar da takalmin wani a bakin ƙofa?"

"Wane gobe? Gobe nawa aka yi? Wendelin fa ba gunki ba ne, furfura ta fara fito masa."

"Wa ya ɗaure shi? Ke Resi bakinki ya fi hankalinki sauri."

Abu ɗaya take so: mutum ɗaya da zai ce ya gani da idonsa.

Da ƙasa ta lafa, tsofaffin sojojin rundunar suka fara taro duk kaka a babban gari. Suna zaune da giya da tsiran alade, mata kuma suna jere a jikin bango, kowace ta ɗaga hoton nata. Duk shekara Walburga ta ja ni, riƙe da hotonsa cikin kaki. Wani tsohon kanar ya miƙe ya lissafa kogunan da suka ƙetare da tuddan da suka riƙe, har makogwaronsa ya bushe, amma ban taɓa jin saniyar tsohuwar nan a cikin jawabinsa ba. Daga nan mazan su bi layi, su leƙa hoto, su girgiza kai. Mu koma a jirgin ƙasa na yamma da ƙafa a kumbure.

Mai haƙuri ma yana da iyaka. Da bikin Ista na wata shekara Wendelin ya auri wata bazawara daga ƙauyen gaba. Walburga ta aika musu da burodin biki. Ni ko gaishe ta ban yi ba ranar.

Da kaka ta zo ta sake shiri. Hoton kakin ya sha hannu da ruwan sama har fuskar ta dushe, sai ta ɗauki ɗayan da ya rage: Korbinian a ƙofar barga yana riƙe da linzamin Fanni, hula ta rufe masa rabin fuska. Na ce wannan ko uwarsa ba za ta gane shi ba.

Muna tsaye sai wani mai hannu ɗaya, Ignaz sunansa, ya wuce, ya dawo da baya.

"Kai! Wannan ai Tsagaggiya ce!"

"Ka san shi?" in ji Yaya.

"Ita na sani. Baiwar Allah, waɗannan kike nuna wa hoto duk shekarun nan? Ina za su san shi! Bayan an cinye mu aka ɗauki lambar rundunarmu aka liƙa wa wasu, yara da tsofaffi, aka tura su yamma. Suna ɗaya, mutane daban. Mu na asali ba mu cika tebur biyu ba, kuma ba ma son hayaniyar nan."

Na dubi ɗakin nan cike da ƙattai. Shekara da shekaru suna girgiza mata kai, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce, ke, ba yaƙi ɗaya muka yi da mijinki ba. Da ina da ƙarfi da na kifar da teburin kanar.

Ignaz ya ce a ranar ƙarshe sun iso wata gada, aka ba da umarni a yanke wa dawaki igiya, kowa ya tsallaka da ƙafarsa. Goɗiyar ta nutse a taɓo har ciki. Mai janta ya ƙi tafiya, ya rungume kanta yana yi mata magana. Sai jiragen yaƙi suka zo.

"Fuskarsa fa?" in ji Walburga.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, ban duba ba. Yunwa nake ji, dokin na duba. Da hayaƙi ya lafa na waiwaya, ba keke, ba doki, ba kowa."

Ta daɗe tana kallon hoton.

"Shi ne," ta ce. "Sakarai. Ko a gida sai ta ci yake ci."

Fada ya ce shi ba zai rubuta mutuwar mutum a kan shaidar goɗiya ba, sai ta bi ta kotu. Ta je a makon nan ta sa hannun da na yi shekaru ina roƙonta. Ta fito da baƙaƙen kaya ta sa, a lokacin da duk matan ƙauye sun daɗe da ninke nasu.

Kafinta ɗaya ne a ƙauyenmu, don haka wurin Wendelin muka je a yi wa Korbinian gicciyen katako. Matarsa ce ta buɗe mana ƙofa. Ya sassaƙa sunan da ranar haihuwa, sannan ya ɗago kai, bai dubi idonta ba, ya tambaya wace ranar mutuwa zai sa a ƙasa.

Walburga ta ce ya bar wurin haka.