Rabin Gwiwar Gwaggo

Ina tsakar gida ina yi wa Inna gashin gwiwa da tsumma da ruwan zafi, sai wani direba ya yi sallama ya miƙo kaset. Daga ɗan Gwaggo ne, wanda ya daɗe yana ci-rani a Abijan, daga can ya haye Faransa, bara kuma ya aiko aka kai masa tsohuwarsa. Muka ari rediyon maƙwabta. Bayan doguwar gaisuwa ya ce an yi wa Gwaggo aiki a gwiwa. Likitoci sun ga gefe ɗaya na gwiwar sanyin ƙashi ya cinye, suka kankare wurin suka sa ƙarfe. Rabin gwiwa kawai aka canza, har ta fara takawa.

Inna da Gwaggo, ƙanwar babana, tare suka tashi a ƙauyen Kalfu. Rijiya ɗaya suka ja, ciwo ɗaya kuma ya kama su da tsufa, har ya kai kowacce a kan kifaffen turmi take salla. Ɗan Gwaggo ya tafi. Ni na zauna garin Tawa da keken ɗinki, a shekarun da aka karya darajar kuɗin sefa, aikin da ake kawo mini duk faci ne.

Inna ta sa na maida kaset ɗin baya.

"Rabi sunka sa mata?"

"Rabi, Inna."

"To, ɗaya rabin hwa? Nasara bai ƙera rabin abu. Guda sunka tsaga, sauran na nan aje."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Ɗan nan, ni ba gudu nika so ba. Goshina nika so shi taɓa ƙasa."

Bayan damina Gwaggo ta dawo. Ta shigo gidanmu babu sanda. Na yi mata barka da bakina, idona kuwa yana kan ƙafafunta. Da la'asar ta shimfiɗa tabarma kusa da turmin Inna, ta sauka a hankali har goshinta ya kai. Na koma shago na zauna, ban taka keke ba. Ban so mata ciwo ba, Allah shaida. Amma takunta a zaurenmu ya riƙa yi mini zafi, haka ma in na ji ana sa wa ɗanta albarka a kasuwa.

Ranar Inna ta ce mata, "Ke mai ƙahwar Nasara, ina rabona?"

"Ke dai, matar yaya, tun muna ɗiya komi sai kin ce a raba!"

Suka yi ta dariya. Amma da za a mai da wa ɗan Gwaggo amsar kaset, Inna ta matso da rediyon bakinta, ta gaida yaron, ta roƙe shi ya tambayi likitan sauran rabin, in ba a ba wani ba. Ni na danna mata maɓallin.

Inna ba ta kai azumin gaba ba. A zaune ta yi sallarta ta ƙarshe.

Wurin ta'aziyya Gwaggo ta durƙusa gabana, gwiwa biyu a ƙasa, tana kuka. Na sunkuyar da kai don kada in dube su. Ta ce saƙon ya isa, ɗanta ya ce zai tambayi likitan.

Turmin yana nan a kife inda Inna ta bar shi. Amsar ba ta zo ba har yau.